Maigidana ya ƙi yarda a ciri ƙashin ƙafarsa a gyara masa muƙamuƙi

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekararmu 21 tare, 'ya'yanmu biyar. Wata huɗu ke nan da wani gyambo ya fito wa maigidana a dasashin ƙasa, ɓangaren hagu, ya ƙi warkewa, har haƙora biyu suka fara girgiɗa. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka ce ciwon daji ne, hoto kuma ya nuna ya taɓa ƙashin muƙamuƙi. Likitoci sun ce za su yanke ƙashin da ya kamu, wajen santimita 8, su cire kaluluwar wuya, sannan su ciro ƙashi da fata daga ƙafarsa su dasa a wurin. Sun ba mu rana, saura mako uku.

Tun da muka dawo ya ce shi ba inda za shi. Direba ne, shekararsa 52. Ya ce baki ya lalace, yanzu kuma a haɗa da ƙafa, da me zai ciyar da mu? Wai gara ya mutu da gaɓoɓinsa cikakku. Yayansa ma ya goya masa baya, ya ce a fara gwada magani a gida a gani, shi bai taɓa jin an sa ƙafa a baki ba. Mahaifiyarsa ba ta san komai ba, ya hana a gaya mata. Yana da ciwon suga, yana kuma shan taba a ɓoye, bai faɗa wa likita ba, ni ma ban tona ba. Ya rame sosai. In na yi magana sai ya ce so nake a nakasa shi. Na rasa yadda zan yi, in matsa masa ko in zuba ido? Kuma gaskiya ni ma ina tsoro. Anya naman da aka ɗauko daga ƙafa zai rayu a baki?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya, don nauyin da kike ɗauke da shi ba ƙarami ba ne.

Da na karanta wasiƙarki, abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton da maigida yake gani a zuciyarsa: mutum yana dogara sanda, ba ƙafar taka birki, ba muryar magana. Wannan hoton yake gudu, kuma duk magidancin da ke neman abincin iyalinsa da ƙafa zai guje shi. Sai dai aikin da likitoci suka faɗa muku dabam ne da wannan hoton. Mutum yana jin an ce ciwon daji kunnuwansa sukan toshe, sauran bayanin ya bi iska, ya tashi da kalma biyu ko uku kawai, shi kuwa "ƙafa" ya riƙe. Saboda haka kafin ki zaɓi matsawa ko zuba ido, akwai aikin da ya riga su: a tabbatar ya san ainihin abin da yake cewa a'a a kansa. Jikinsa ne, hannunsa ne zai hau takardar yarda, ke ba za ki sa masa ba, yayansa ma haka. Amma yana da haƙƙin ya yanke hukunci a kan gaskiya.

Mu fara da ƙafar, tunda a nan gizo ke saƙar. Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙasusuwa biyu ne. Akwai babba na gaba, wanda ake taɓawa a ƙwauri, shi ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Akwai kuma siriri a gefen waje da likitoci ke kira fibula, wanda abin da yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Siririn ake cira, kuma ba duka ba. Ana barin santimita 6 zuwa 8 a ƙasa don idon sawu ya tsaya daram, a bar wani guntu a sama kusa da gwiwa saboda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta nan ta zagaya. Abin da ke tsakani kan kai wajen santimita 25 a babban mutum, maigida kuwa 8 ake nema, ko da yake sukan ciri fiye da haka don jijiyar jinin da ke biye da ƙashin ta yi tsawon da za ta isa wuya. Ba sabon gwaji ba ne da za a fara a kansa. Wani likita a Ostareliya, Ian Taylor, ya ba da rahoton dasa wannan ƙashi tare da jijiyoyinsa tun 1975, sannan a 1989 David Hidalgo a Amurka ya nuna yadda ake gina muƙamuƙi da shi. Yau shi ne zaɓin farko a yawancin manyan asibitocin da ke irin wannan aiki.

Bayan tiyata za a ɗaure ƙafar da madauri ko takalmin asibiti, masu fisiyo, wato ma'aikatan da ke koyar da motsa jiki, su fara tayar da shi cikin kwanaki kaɗan, da abin dogarawa tukuna, daga baya da kansa. Yawancin mutane suna komawa tafiyarsu cikin mako shida zuwa wata uku. Ba zan ce miki ƙafar za ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Idon sawu kan yi ƙage na wani lokaci, ƙafa ta kumbura da yamma, babban yatsa ya rage ƙarfin lanƙwasawa ko ya ɗan tanƙware, wani wuri a fatar ya daina ji. Inda aka ciri fata, idan ramin ya yi faɗi sai an yanko siririyar fata daga cinya an rufe shi, kuma wannan ciwon ne ya fi jinkirin warkewa, musamman ga mai ciwon suga. Amma gurguntaka ba ta cikin abin da ake sa rai. Tuƙi kuwa ana komawa idan mutum ya iya taka birki da ƙarfi farat ɗaya ba tare da zafi ba, likitansa ne zai ba shi izini. Ya faɗa musu a fili cewa shi direba ne, ya faɗi ƙafar da ya fi aiki da ita, don su saka wannan a lissafi wajen zaɓar ƙafa.

Akwai kuma abin da zai kwantar masa da hankali idan ya ji. Manyan jijiyoyi uku ne ke kai jini tafin ƙafa, guda ɗaya ake ɗauka tare da ƙashin, a bar biyu. Kafin a taɓa shi sai an yi hoton jijiyoyin ƙafafunsa biyu, galibi da CT bayan an yi masa allurar ruwan da ke haska jijiya. Idan aka ga ciwon suga ko taba sun tsuke sauran biyun, ko kuma halittarsa ta zo da cewa wadda za a ɗauka ita ce ke ciyar da tafin ƙafar, to ba za a taɓa ƙafar ba sam, sai a koma ƙashin allon kafaɗa ko na ƙugu. Ki tambaya ko an yi wannan hoton. In ba a yi ba, ku nemi jin dalili.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda na fi jin daɗinta, don ita ce zuciyar maganar. Idan aka yanki ƙashi tsura aka ajiye a muƙamuƙi, sai ya jira jinin wurin ya kutsa cikinsa a hankali, kamar reshen da aka soka a ƙasa ba saiwa. Gajere kan kama. Dogo kuwa, a wurin da miyau ke kusa kuma za a bi da gashin na'ura (hasken na'ura da ake gasa wurin da shi don kashe ragowar ciwon daji), yakan narke ko ya ruɓe. Shi ya sa ake ɗauko shi da saiwarsa: ƙashin, da fatar da ke kansa, da jijiyar da ke kawo masa jini, da waɗanda ke mayar da jinin. A wuya sai a nemo jijiyoyi masu kama da su, a haɗa baki da baki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Faɗin kowace kimanin milimita biyu ko uku ne, zaren ɗinkin kuma ya fi silin gashi siranta. Ana sakin matsewar, jini ya ratsa, fatar ta ɗauki ɗumi nan take tun yana kan gadon tiyata. Kuma tunda naman jikinsa ne, jiki ba ya ƙin sa. Ba irin dashen ƙoda ba ne da ake shan maganin danne garkuwar jiki har abada; nan babu wannan.

Aikin yana da tsawo, awa 8 zuwa 12 ba abin mamaki ba ne, don haka kada hankalinki ya tashi idan yini ya ƙare kuna zaune a waje. Sau da yawa rukuni biyu ne ke aiki lokaci guda, ɗaya a baki da wuya yana cire ciwon tare da wajen santimita ɗaya na lafiyayyen nama a kewayensa, ɗaya a ƙafa. Fibula miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe, sai a tsaga ƙashin gida biyu ko uku ba tare da an raba shi da jijiyarsa ba, a karya kwana da shi, a ɗaure da siririn ƙarfen taitaniyam da ƙananan sukurori a jikin ragowar muƙamuƙin. Fatar ƙafar ita ke zama shimfiɗar cikin baki, ta raba miyau da wuya. Ƙashin yana haɗewa da na wurin kamar yadda karaya ke haɗewa, cikin makonni zuwa 'yan watanni.

A hannun ƙwararru, kimanin 95 cikin 100 na irin wannan dashe suna rayuwa. Abin da ke kashe sauran kusan ɗaya ne: gudan jini ya toshe mahaɗin, ko jijiyar ta lanƙwashe, ko jini ya taru a wuya ya danne ta. Hatsarin ya fi yawa a kwana ukun farko, kuma jijiyar da ke mayar da jini ta fi saurin toshewa. Shi ya sa za ki ga ma'aikatan jinya suna leƙa bakinsa kowace awa, dare da rana, suna duba launi da ɗumi, suna saurarar bugun jinin da 'yar na'ura, wani lokaci su soka fatar da allura su ga irin jinin da zai fito. Idan jini yana shiga ba ya fita, dashen ya kumbura ya yi duhu, jinin da ke fitowa baƙi-baƙi. Idan ba ya shiga, sai ya yi sanyi ya koɗe, a soka ba jini. Duk wanda aka gani, komawa ɗakin tiyata ake yi cikin gaggawa a buɗe mahaɗin a wanke a sake ɗinkewa, kuma da yawa ana ceto su idan an farga da wuri. Don haka in aka ce miki za a mayar da shi tiyata da tsakar dare, ki sani masu gadin ba barci suke ba. In ma dashen ya mutu, ba ƙarshen hanya ba ne, ana cire shi a kawo wani.

A waɗannan kwanakin ku masu jinya kuna da rawar takawa, kuma tausayi ne ya fi yin ɓarna. Kada a tura masa matashi a ƙarƙashin kai, kada a juya wuyansa don ya kalli mai gaisuwa, kada a ɗaura komai a wuyan, ko da igiyar abin shaƙar iska ce. A bar kan yadda likita ya ajiye shi. Kada kowa ya ba shi ko da kurɓin ruwa ta baki sai an ba da izini. Za a riƙa ciyar da shi ta robar hanci har mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, saboda ɗinkin cikin baki yana buƙatar hutu. Idan ya ɓalle, miyau ya sauka cikin wuya, wurin ya yi ruwa, har ya huda fata ya zama yoyo. Mai ciwon suga da wanda ya rame sun fi kowa faɗawa wannan.

Maganar murya: akwatin murya yana cikin maƙogwaro, kuma a aikin da kika bayyana ba a taɓa shi. Amma saboda baki da wuya za su kumbura, ana yawan huda gaban wuya a sa ɗan bututun numfashi na wucin gadi, a cire bayan mako ɗaya ko kwana goma, ramin ya rufe da kansa. A farkon kwanakin nan ba zai iya magana ba. Wanda ba a gaya wa ba, in ya farka ya buɗe baki ba sauti, sai ya ɗauka abin da yake tsoro ne ya tabbata. Ki gaya masa tun yanzu, ku tanadi takarda da biro, ku yi yarjejeniya a kan alamun hannu na zafi, da ƙishi, da majina ta taru. Yadda maganarsa za ta fito daga baya ya fi dogara ga yawan harshen da aka taɓa, ba ƙashi ba, wannan kuwa tambaya ce da likitan zai iya amsa muku kai tsaye.

Ga abin da zai rasa, kuma kada ki ɓoye masa. Haƙoran da ke kan ƙashin da aka yanke sun tafi. Ana iya dasa na roba a kan sabon ƙashin, amma sai bayan watanni, idan komai ya lafa. Jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji ta cikin ƙashin take bi, don haka wannan ɓangaren zai zama kamar an yi masa allurar kashe zafi, sau da yawa har abada, miyau ma ya riƙa zuba bai sani ba kafin ya saba. Za a sami tabo a wuya. Kafaɗar ɓangaren kan yi nauyi bayan cire kaluluwa, sai da motsa jiki. Fuska za ta kumbura, ba a ganin ainihin kamanninta sai bayan wata biyu ko uku. Wani abin da ke ba mutane mamaki, fatar ƙafa ba ta manta asalinta, gashin ƙafa na iya tsirowa a cikin baki. Ana rage shi, kuma gashin na'ura yakan kashe shi.

Tunda ciwon ya shiga ƙashi, ku sa a rai cewa bayan tiyata za a bi da gashin na'ura, wato rediyoterafi, wani lokaci tare da allurar ciwon daji. Ana so a fara cikin mako shida da yin aikin, a yi kwana biyar a mako har kusan mako shida, zama 30 zuwa 33. Kafin a fara sai likitan haƙori ya duba ragowar haƙoran ya cire marasa kyau, saboda cire haƙori bayan gashi na iya sa ƙashi ya ƙi warkewa. Baki zai bushe, ya yi zafi, muƙamuƙi ya nemi ƙagewa idan ba a atisayen buɗe shi kullum. Idan kika haɗa wannan duka, komawarsa aiki maganar watanni ce, kuma ina ganin gashin ne zai fi tsayar da shi, ba ƙafar ba. Nan ne damuwarsa ta gaskiya take, abincin gida. Ku zauna da 'yan'uwa a tsara wanda zai ɗauki me a waɗannan watannin, a faɗa masa da sunaye. Magidanci ya fi saurin kwanciya a gadon asibiti idan ya san tukunyar gidansa ba za ta sauka ba.

Idan bayan duk wannan ƙafar ce dai ba ya so, a raba masa magana biyu da ya cakuɗa. Cire ciwon shi ne ceton rai. Gina wurin da aka cire shi ne gyara, kuma gyara yana da hanyoyi. Ban da ƙashin kafaɗa da na ƙugu, ana iya haɗa giɓin da ƙarfe kawai a lulluɓe shi da tsokar ƙirji, wadda ake juyowa sama ta ƙarƙashin fata ba tare da an yanke jijiyarta ba. Wannan ya fi gajarta, ba ya buƙatar ɗinkin madubi, kuma yakan yi aiki a giɓin gefe irin nasa. Aibinsa shi ne ƙarfen da ba ƙashi a ƙarƙashinsa kan karye ko ya huda fata bayan gashi, kuma ba inda za a dasa haƙori. In ba a sa komai ba, ragowar muƙamuƙin ya karkace zuwa ɓangaren da aka yanke, haƙora su daina haɗuwa, tauna ta yi wuya. A ganina fibula ta fi masa, a shekarunsa, idan jijiyoyinsa sun ba da dama. Amma mutumin da ya yarda a cire ciwon da gyara na biyu ya fi wanda ya zauna a gida nesa ba kusa ba.

Yayansa ba maƙiyi ba ne. Ƙaninsa yake so, kuma yana tsoron a yi gyaran gangar auzinawa. Kada ki ja da shi a gaban maigida, don in aka mayar da abin zaɓi tsakanin mata da ɗan'uwa, kowa ya yi asara. Ki same shi da girmamawa ki ce: "Yaya, kai ne babba, ina so ka raka mu ka ji da kunnenka, ka yi duk tambayar da ke ranka." Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba, wato "a gwada a gani". Ciwon dajin baki da ya kai ƙashi ba ya jin maganin sha ko na shafawa, gashin na'ura shi kaɗai ma ba ya cika cin ƙarfinsa. Girma yake yi a makonni. Santimita 8 na yau na iya zama rabin muƙamuƙi da harshe bayan wata uku, ko ya kai inda wuƙa ba ta isa. Gaɓoɓin da maigida yake son ya tsira da su cikakku, ciwon ba zai bar masa su ba: zafi, zubar jini, wari, kasa haɗiya, su ne hanyarsa idan aka ƙyale shi. In suna son jin bakin wani likita, hakkinsu ne, amma a yi shi cikin kwanaki, a tafi da sakamakon gwajin nama da hotuna, kuma kada a soke ranar da aka bayar kafin nan.

Tabar kuwa, 'yar'uwa, wannan sirrin ba na riƙewa ba ne. Sinadarin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin yana rage iskar da jini ke ɗauka, ciwo ya ƙi haɗewa, ƙirji ya cika da majina bayan doguwar allurar barci. Likitoci sun fi son a daina mako huɗu kafin aiki. Ku mako uku gare ku, kowace rana kuma riba ce. Ki ba shi dama ya faɗa da bakinsa, ki gaya masa a keɓe, cikin sanyin murya, cewa in bai faɗa ba ke za ki faɗa, don kada ya ji an yi masa yankan baya. Likitan da ke aikin ciwon baki ya saba jin wannan, ba zai yi mamaki ba, kuma yana da abin taimako na daina shan. Haka nan duk wani magani da yake sha, na asibiti ko waninsa, musamman masu tsinka jini irin asfirin, a lissafa musu. A yi gwajin suga mai nuna matsakaicin wata uku, a daidaita shi tun yanzu. Ki auna nauyinsa kowane mako ki rubuta. In ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a 'yan watannin nan, ramar ta kai a kira mai ba da shawarar abinci, ya tsara masa mai laushi, mai gina jiki, da ba zai tayar da suga ba. In haɗiya ta gagara, sa robar abinci kafin tiyata ba ci baya ba ne.

Mahaifiyarsa, shi ke da ikon gaya mata, kada ki tsallake shi. Amma ki nuna masa cewa kwana goma zuwa sha huɗu a asibiti ba ya ɓoyuwa, kuma uwar da ta shigo ta tarar da ɗanta da bututu a wuya da roba a hanci ba tare da shiri ba, ita aka fi zalunta. Ya gaya mata daidai abin da za ta iya ɗauka, yayansa na zaune. Wataƙila ma kalma ɗaya daga bakinta ta yi abin da taki goma ba su yi ba. Kalmar da yake jifan ki da ita, cewa so kike a nakasa shi, tsoro ne ke magana; kada ki ajiye ta a zuciya, kada kuma ki mayar. Ke ma ki sami mutum biyu da za ku riƙa karɓa-karɓa a jinya, don wadda ta kwana uku ba barci ba ta lura da komai.

Gobe da safe ki kira asibitin ki nemi a ba ku zama da likitan da zai yi aikin, ki faɗa musu gaskiya cewa majinyacin yana ɗari-ɗari. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. Ku je ku uku, ke da maigida da yayansa. Ki rubuta tambayoyin a takarda: sau nawa suke irin wannan dashe a shekara, wa ke duba shi da dare, shin ɗakin tiyata yana buɗuwa da gaggawa in jijiya ta toshe, me za su yi idan dashen bai kama ba, nawa ne na harshe za a taɓa, an riga an tanadar masa gurbin gashin na'ura? Ki roƙa ko akwai wanda aka yi wa irin aikin da zai yarda su haɗu, don ganin mutum ya shigo da ƙafarsa ya yi sallama da bakinsa ya fi duk bayanina. A wurin ki bar maigida ya yi magana, ko da shirun ya yi tsawo. Idan ya ji komai, hankalinsa ɗaya, ya ce har yanzu a'a, to ku nemi a haɗa shi da masu kula da zafi da sauƙaƙa jinya, a bar ƙofar tiyata a buɗe, ki ci gaba da zama kusa da shi.

Daren yau kada ki kawo maganar tiyata. Ki ce masa kawai: "Ban ce ka yarda ba, rakiya nake so ka yi mini mu ji yadda ƙafar za ta kasance." Kafin ranar kuma, in jini ya ɓalle daga gyambon ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya fara yi masa wuya, ko ya kasa haɗiye ruwa, ku tafi sashen gaggawa a lokacin, kada ku jira ranar ganin likita. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunsa.